Kafin A Sayo Wa Yaro "Gem": Abin Da Samarin Yola Da Jimeta Ke Dubawa

A da can, idan ɗan Arewa mazaunin Ikko ko Badun ko Fatakwal ya tashi zuwa gida ganin dangi, saƙon da yara kan aiko masa bai wuce na agogon hannu ko takalmin ƙwallo ko ɗan ƙaramin rediyo ba. Yanzu kuwa zamani ya juya. Mai gadi a Ikeja, ko mai sayar da tumatir a kasuwar Mile 12, ko ɗan canji a Sabo ta Badun, yana zaune da dare sai ya ji waya ta yi ƙara. In ya ɗauka sai ya ji ƙanensa ne ko ɗan wansa daga Yola. Bayan an gaisa, an tambayi jama'a da aiki, sai yaron ya kwantar da murya ya roƙi Hamma ko Bappa, don Allah in za a zo Sallah a biya kasuwa a sayo masa gem.

Wannan roƙo ba ƙarami ba ne, ko da yake a baki yana da sauƙi. Sabon wasa guda ɗaya na na'urar PlayStation 5, irin waɗanda manyan kamfanoni ke fitarwa, ana sayar da shi dala 70 a Amurka. A cikin shekarar 2024, lokacin da dala ɗaya ta kai wajen Naira 1,500, wannan kuɗi ya kama Naira 105,000 ke nan. A wannan shekarar ce kuwa, cikin watan Yuli, Gwamnatin Tarayya ta tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan Naira 70,000. Watau faifan wasa ɗaya ya fi albashin wata guda na ƙaramin ma'aikaci, ba a ma yi zancen ita kanta na'urar ba, wadda ta fito a watan Nuwamba na 2020 a kan dala 499.

To, mutumin da ya tara kuɗinsa da gumi a Kudu, ya kamata ya san abin da zai saya kafin ya zaro su daga aljihu. Waɗanda suka fi kowa sanin amsar kuwa su ne samarin da ke buga waɗannan wasanni safe da yamma a can gida.

Inda Ake Yanke Hukunci

Bako ɗaya ce daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Yola ta Kudu, a cikin tsohon garin Yola wanda Modibbo Adama ya kafa a 1841, inda fadar Lamiɗo take. Jimeta kuwa, wadda ke bakin kogin Binuwai, ita ce cibiyar ciniki, can ne babbar kasuwa da shagunan kayan wuta suke. Tsakanin garuruwan biyu tafiya ce ta ɗan lokaci a keke napep, don haka abin da aka gwada a Jambutu ko Luggere ko Doubeli yau, gobe labarinsa ya isa Bako.

Yawancin samarin waɗannan unguwanni ba su mallaki na'ura a gida ba. A gidan gem suke wasa, watau ɗan shago mai talabijin biyu ko uku da benci da fanka, inda ake biyan ɗan canji a buga wasa ɗaya. Al'adar da aka saba da ita a irin waɗannan wurare ita ce wanda aka ci shi ne zai biya, wanda ya yi nasara kuma ya ci gaba da zama har sai an samu wanda ya tayar da shi. Sauran jama'a na tsaye a baya suna ihu, suna ba da shawarar da ba a tambaye su ba.

A nan ne ake gane wasan da ke da daraja da wanda ba shi da ita. Mai shago ya zuba jarinsa, saboda haka ba ya sayen wasa don kyawun hoton da ke jikin kwali. In ya sa wasa ya ga mako guda babu wanda ya nema, ya san ya yi asara. Ɗaliban Jami'ar Modibbo Adama da na Jami'ar Amurka ta Nijeriya da ke Yola, waɗanda wasunsu ke da kwamfutar tafi-da-gidanka da intanet mai ƙarfi, suna da nasu ra'ayi wanda kan sha bamban da na yaran unguwa. Amma in aka tattara maganganun duka, za a ga tambayoyi huɗu ne suke ta maimaituwa. Mutum nawa ne za su iya buga wasan a lokaci ɗaya? Wace irin wuta yake ci? Yana bukatar data ko kuwa yana tafiya ba tare da ita ba? In an gaji da shi, ana iya sayarwa a mai da wani abu?

Wuta Da Data

Batun wuta shi ne na farko a Yola, domin garin yana kusa da ƙarshen layin da ke kawo lantarki daga Jos ta Gombe. A watan Afrilu na 2024, ɓarayin ƙarfe suka kayar da wasu manyan turakun wannan layi, jihohin Arewa maso Gabas suka shafe makonni cikin duhu, a daidai lokacin da zafin Yola kan haura digiri 40. Wanda ke da gidan gem a irin wannan hali sai dai ya tayar da janareta. Man fetur kuwa, tun ran 29 ga watan Mayu na 2023 da aka sanar da janye tallafi, ya tashi daga ƙasa da Naira 200 a kan lita zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ya kuma haura Naira 1,000 a ƙarshen 2024.

Wannan ne ya sa tsofaffin na'urori ba su mutu ba. PlayStation 2, wadda ta fito tun shekarar 2000 aka kuma daina ƙera ta a farkon 2013, wutar da take ci kaɗan ce, ƙaramin batir na sola yana riƙe ta tare da talabijin. PlayStation 5 kuwa takan ja kusan wat 200 in ana tsakiyar wasa, ga shi tana bukatar iska, ƙurar hunturu da zafin bazara ba sa yi mata daɗi. Saboda haka masu shago da yawa sun fi ganin PlayStation 4, wadda ta fito a 2013, ita ce tsaka-tsaki: hotonta yana da kyau, ana samun ta hannu a kasuwa, masu gyaranta kuma sun yawaita.

Data ita ma wani kuɗi ne da ba ya bayyana ranar ciniki. Manyan wasannin zamanin nan, ko da a faifai aka saye su, sukan nemi a sauko da ƙarin gyara daga intanet kafin su yi aiki sosai. Wasu daga cikin jerin Call of Duty na manyan na'urori girmansu ya haura gigabait 100. A watan Janairu na 2025 kuma Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Daɗin daɗawa, wanda ke son karawa da mutanen wasu ƙasashe ta intanet a kan PlayStation 4 ko 5, tilas ya riƙa biyan kuɗin rajista na PlayStation Plus, sai fa in wasan na kyauta ne.

Ƙwallo Ita Ce Sarki

In aka zo kan wasannin su kansu, babu gardama a kan cewa ƙwallon ƙafa ce ke ciyar da gidan gem. Mutum biyu suna zama, cikin minti goma an gama, wasu su hau. Wanda ya je gidan kallo ya ga ƙungiyarsa ta sha kashi ran Asabar, yana iya zuwa ya rama a kan na'ura ran Lahadi. Gardamar da ake yi ita ce, wanne daga cikin wasannin ƙwallon ya cancanci a saya.

Kamfanoni biyu ne suka daɗe suna gasa a wannan fage. Akwai EA na Amurka, wanda ya fara fitar da wasan FIFA a 1993, ya yi ta fitar da sabo kowace shekara har zuwa FIFA 23. Daga nan yarjejeniyarsa da hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya ta ƙare, sai ya sauya wa wasan suna zuwa EA Sports FC tun daga watan Satumba na 2023, ko da yake har yanzu a bakin samari FIFA ne. Akwai kuma Konami na Japan, mai wasan da aka sani da PES, wanda tsofaffin hannu ke tunawa da sunan Winning Eleven.

Magoya bayan FIFA hujjarsu ita ce sunayen ƙungiyoyi da riguna da filaye duk na gaskiya ne, mutum zai ga Victor Osimhen ko Ademola Lookman da kamanninsu. Magoya bayan PES kuwa suna ganin nasu ya fi kama da ƙwallon gaske wajen ba da fasin da tsara 'yan wasa, ba gudu kawai ba. Abin da ɓangarorin biyu suka haɗu a kai shi ne, babu ɗaya daga cikin ƙungiyoyin gasar Nijeriya a cikin wasan EA. Wanda ke son ya buga da Adamawa United ko Kano Pillars ba zai same su ba.

Amma babban abin da ya kamata mai saye ya sani shi ne wannan: bambancin da ke tsakanin wasan bana da na bara ba shi da yawa. Abin da ya fi sauyawa shi ne sunayen 'yan wasan da suka koma wasu ƙungiyoyi, da sababbin riguna. Mai gidan gem yana da dalilin sayen na bana, domin in maƙwabcinsa ya riga shi, samari za su koma can. Yaron da zai buga a ɗaki da ƙannensa kuwa, ra'ayin da ya fi rinjaye shi ne na bara ya ishe shi, tunda farashin faifan yakan faɗi ƙwarai da zarar sabo ya fito a watan Satumba. Har wa yau akwai masu riƙe da PES 2013 da PES 2017 da PES 2021, suna sa musu gyaran da masu sha'awa ke yi don sabunta sunayen 'yan wasa, ba su kuma ga abin da suka rasa ba.

Shi kuwa Konami, a watan Satumba na 2021 ya daina sayar da PES, ya fito da eFootball wanda ake saukewa kyauta. Farkon fitowarsa ya sha suka a duniya baki ɗaya saboda kurakuran da ke cikinsa, fuskokin 'yan wasa a karkace, motsi ba daidai ba. Daga baya an gyara shi, ya kuma samu karɓuwa sosai a wayar hannu. Sai dai yawancin daɗinsa yana kan intanet, wanda ya sa bai maye gurbin tsohon PES a shagunan da ba su da data ba.

Faɗa, Mota Da Dogon Labari

Bayan ƙwallo sai wasannin faɗa, musamman Mortal Kombat wanda ya samo asali tun 1992. Shi ma na mutum biyu ne, yana ƙarewa da wuri, ba ya tsufa kamar wasan ƙwallo domin babu ɗan wasan da zai sauya ƙungiya. Masu shago suna ganin kuɗin da aka sa a kansa yana dawowa. Aibinsa guda ne, kuma babba ne: zubar da jini a cikinsa ya wuce misali. Shi ne ma ɗaya daga cikin wasannin da suka sa Majalisar Dattawan Amurka ta yi zama a 1993, abin da ya kai ga kafa tsarin rubuta shekarun da suka dace a jikin kowane wasa a 1994.

Sai Grand Theft Auto, wanda samari ke kira GTA. Na San Andreas ya fito a 2004, na biyar kuma a 2013, an kuma sayar da fiye da kwafi miliyan 200 na wannan na biyar ɗin. Masu buga shi suna yabonsa da cewa ba ya ƙarewa, mutum na iya shafe watanni yana yawo cikin birni da mota ko babur ko jirgi, ba tare da data ba. In dai yawan sa'o'in wasa ake aunawa, kaɗan ne suka kai shi riba. Amma labarinsa na 'yan fashi ne da masu safarar ƙwaya, akwai zagi da wuraren banza a ciki, kuma lamba 18 ce a jikin kwalinsa a ƙasashen Turai. Ba wasan da za a miƙa wa ɗan shekara goma ba ne, ko da ya yi rantsuwa cewa tuƙin mota kawai zai yi.

Akwai kuma wasannin dogon labari irin su God of War, waɗanda mutum ɗaya ke bi daga farko har ƙarshe. Ɗaliban jami'a sun fi kowa son irin waɗannan, suna kwatanta su da kallon fim wanda mutum ke cikinsa. Amma duk wanda ya gama labarin sau ɗaya, da wuya ya sake komawa. Shawarar da suke bayarwa ita ce a sayi faifan na hannu, a gama, a sayar ko a yi musaya da aboki. Ga ƙananan yara kuwa, wanda ake yawan ambata shi ne Minecraft, wasan gine-gine da ya fito a 2011, wanda na wayar hannu bai kai dala goma ba, ana kuma iya buga shi ba tare da intanet ba.

Banza Ba Ta Kai Zomo Kasuwa

Gaskiyar magana ita ce, yawancin wasan da ake yi yau a Bako da Jimeta ba a talabijin ake yinsa ba, a wayar hannu ne. Free Fire na kamfanin Garena ya fito a 2017, PUBG Mobile a 2018, Call of Duty Mobile a watan Oktoba na 2019. Dukansu kyauta ake saukewa. Free Fire ya fi yaɗuwa a tsakanin masu ƙananan wayoyi irin su Itel da Tecno domin ba shi da nauyi, sauran biyun kuma sun fi son waya mai ƙarfi.

To, ina kamfani ke samun riba in bai sayar da wasan ba? A cikin wasan akwai kasuwa. Ana sayar da riguna da fentin bindiga da rawar da gwarzo zai taka in ya yi nasara, ana biya da wani kuɗin wasa wanda sai an saye shi da Naira ta gaske. A Free Fire lu'ulu'u ake kiransa, a PUBG ana ce masa UC, a Call of Duty kuma CP. Yaro yana farawa da ɗan kaɗan, sai ya ga abokinsa ya fi shi ado, sai ya ƙara. Samarin da suka daɗe a harkar su ne ke faɗa da bakinsu cewa, in mutum ya zauna ya lissafa abin da ya kashe a shekara, da na data da na lu'ulu'u, zai tarar ya wuce kuɗin faifan da ya ƙi saya saboda tsada.

Abin da ya fi damun masu hankali a cikinsu shi ne akwatin sa'a. Mutum zai biya kuɗi a buɗe masa akwati, bai san abin da zai fito ba, ko abu mai daraja ko tarkace. Irin wannan tsari yana nan har a cikin wasan ƙwallon EA, a sashen da ake kira Ultimate Team, inda ake sayen ƙunshin katunan 'yan wasa a rufe. A 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke cewa wannan caca ce, har EA ya daina sayar da kuɗin wasansa a can a watan Janairu na 2019. Uban da ya hana ɗansa shiga shagon caca na ƙwallo, ya kamata ya san cewa akwai ƙanwarta a cikin wayar da ya saya masa.

Hukuncin 'yan wasa a nan shi ne: a buga su kyauta yadda aka same su, domin rigar da aka saya ba ta sa harbi ya fi daidai. Wanda ya iya, ya iya ko da rigar farko.

Faifai Ko Turi?

Akwai hanyoyi uku na samun wasa, kowace da nata hali. Ta farko ita ce faifai. Amfaninsa shi ne dukiya ce a hannu, ana ba da aro, ana musaya, ana sayarwa. Ta biyu ita ce saye ta intanet daga shagon kamfani. Nijeriya ba ta cikin ƙasashen da Sony ya buɗe wa shagonsa na PlayStation, don haka masu saye sukan buɗe asusu da adireshin Amurka ko Ingila, su sayi katin dala ko fam su zuba. Abin da aka saya ta wannan hanya ba a iya sayar da shi, kuma in asusun ya samu matsala, duk abin da ke ciki ya tafi. Akwai masu tallar asusu mai cike da wasanni a kan farashi mai rahusa, daga baya ainihin mai shi ya sauya lambar sirri, mai saye ya tashi a tutar babu.

Wani abin da ya faru a Turai ya ƙara tabbatar da wannan tsoro. Kamfanin Ubisoft na Faransa ya fitar da wasan tseren mota mai suna The Crew a 2014. A ƙarshen watan Maris na 2024 ya kashe na'urorin da ke riƙe da wasan, nan take ya daina aiki a hannun duk wanda ya saya, har da masu faifai. Darasin shi ne, wasan da ba ya tashi sai da intanet, haya aka ba mutum, ba sayar masa aka yi ba.

Hanya ta uku ita ce wadda ta fi yawa a kasuwanninmu, watau na'urar da aka buɗe, aka tura mata wasanni da yawa a ciki. Araharta ce ke jan mutane. Amma ya kamata a sani cewa kwafin sata ne wanda doka ba ta yarda da shi ba, irin wannan na'ura kuma ba ta shiga wasan intanet lafiya, in aka sabunta ta da kuskure wasannin duk su daina buɗewa, kuma sababbin wasanni ba sa hawa kanta da wuri.

Game da biyan kuɗi tun kafin wasa ya fito, samarin suna kiransa cinikin biri a sama. Suna kafa hujja da Cyberpunk 2077, wanda aka yi shekaru ana tallarsa, da ya fito a watan Disamba na 2020 sai aka tarar ba ya tafiya daidai a kan PlayStation 4, har Sony ya cire shi daga shagonsa ya mayar wa mutane kuɗinsu. GTA na shida ma sau biyu aka ɗaga ranar fitowarsa a cikin 2025. Masu kwamfuta da ke saye a shagon Steam suna da ɗan sauƙi, domin ana mayar da kuɗi in ba a wuce kwana 14 da saye ba, kuma ba a buga fiye da sa'a biyu ba.

Abin Da Ya Shafi Iyaye

Banda kuɗi, akwai tarbiyya. An sha samun abin da ya taɓa addini a cikin waɗannan wasanni. A 2020 masu PUBG Mobile sun cire wani sashe da ke sa ɗan wasa ya rusuna gaban gunki, bayan Musulmi sun yi ƙorafi. A watan Nuwamba na 2021 masu Call of Duty: Vanguard sun nemi gafara, suka kuma cire shafukan Alƙur'ani da aka gani warwatse a ƙasa a wani fage na wasan. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma, a 2019, ta sa jarabar wasan kwamfuta cikin jerin cututtukan da ta amince da su, watau idan wasa ya kai ga mutum ya yi watsi da karatu da barci da sana'a har tsawon lokaci. Wannan bai nuna duk mai wasa majinyaci ne ba. Yawancin samarin nan suna bugawa ne su tashi su kama harkarsu. Amma na'urar da aka ajiye a ɗakin yaro ba tare da ƙa'idar lokaci ba, uwarsa ce za ta sha fama da shi bayan mai sayowa ya koma Ikko.

Ba duka wasanni ne daga waje suke zuwa ba. A Ikko akwai kamfanin Maliyo Games da aka kafa a 2012, wanda ya yi ƙananan wasannin waya irin su Whot King, na kartar da kowa ya sani, da wani mai suna Aboki Run. 'Yan Arewa mazauna Kudu sun san nauyin wannan kalma ta aboki a bakin wasu, amma dai abin lura shi ne 'yan ƙasa sun fara ƙera nasu, kuma babu abin da zai hana yaron da ya ƙware a buga wasa a Bako ya koyi yadda ake haɗa shi.

Kafin A Shiga Kasuwa

Saboda haka, duk wanda zai shiga Computer Village a Ikeja ko kasuwar Alaba don cika alkawarin da ya ɗaukar wa yaro, ga abin da 'yan wasan Yola za su so ya riƙe. Ya fara tambayar wace na'ura ce a gida, domin faifan PlayStation 5 ba ya aiki a kan ta 4, na 2 da na 3 ma ba sa aiki a kanta, ko da yake yawancin faifan 4 suna hawa kan 5. In sabuwar na'ura zai saya, ya tabbata tana da bakin sa faifai, domin akwai samfurin PlayStation 5 da ba shi da shi, wanda duk wasansa sai an sauke daga intanet. In tsohuwar PlayStation 2 ce, ya duba bayanta, domin wasu da aka yi wa Amurka da Japan wutar 110 suke ɗauka, in aka jona su kai tsaye a wutarmu sai su ƙone.

Ya sa a kunna masa komai a shagon, ya ga wasa yana tafiya na ɗan lokaci, ya taɓa ya ji ko tana zafi fiye da kima, ya karɓi rasit. Ya sayi hannu biyu, watau abin da ake riƙewa ana dannawa, domin hannu ɗaya a gidan da ke da yara huɗu rigima ce aka sayo. Ya duba lambar shekarun da ke jikin kwali. Sa'an nan ya tuna cewa tsakanin Ikko da Yola tafiya ce ta fiye da kilomita dubu, abin da ya ƙi aiki a can ba a dawo da shi cikin sauƙi.

In kuwa kuɗin ba su kai ba, kada ya ci bashi don wannan. Faifan ƙwallon bara guda ɗaya, da hannu mai lafiya, da ƙaramin batir na sola da zai riƙe fitila yaro ya yi karatu bayan an kashe wasa, sun fi sabuwar na'urar da za ta zauna a kwali ana jiran wuta. Allah ya sa albarka a cikin nema, ya kai kowa gida lafiya.